Babi na Shida: Takardar Laifi, Biyan Tara da Ƙwace Lasisin Tuƙi

Darasi na 1: Tuƙin ganganci

'Yan'uwa direbobi, masu keke Napep da 'yan acaɓa, kowa ya ɗora yatsa a kan layin farko, mu bi shi sannu a hankali.

A dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta shekarar 2007, tuƙin ganganci babban laifi ne. Hukuncinsa tarar naira 50,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko duka biyun. In ganganci ya yi sanadin rasa rai, ɗaurin yana iya kaiwa shekara 7. Kotu kuma tana da ikon hana mutum riƙe lasisi na wani lokaci, kuma wanda aka hana, in aka kama shi a kan sitiyari, ya ƙara wa kansa sabon laifi.

Wuce mota a kwana ko a kan tudu, inda ba ka hango mai tahowa, ganganci ne, ko da hanyar Daura ta yi maka fili. A cikin gari, gudun ƙaramar mota bai wuce kilomita 50 a awa ba.

Darasi na 2: Karanta takardar laifi

In jami'i ya rubuta maka takarda, kada ka ninke ta ka cusa a aljihu. Fara duba lambar abin hawanka, harafi bayan harafi, ka tabbatar ta yi daidai da wadda ke jikin motar. Sannan nemi haruffa uku na laifin. DGD ganganci ne. OVL lodi ne fiye da ƙima, tararsa naira 10,000. UPD waya ce a hannu ana tuƙi, naira 4,000. In haruffan sun gagare ka, ce wa jami'in, "Yallaɓai, a karanta mini." Babu kunya a nan, mai tambaya ba ya ɓata.

Yanzu ga inda aka fi tuntuɓe. Ba a biyan tara a hannun jami'i. Ana biya ne a banki ta Remita, wato tsarin biyan kuɗi zuwa asusun gwamnati, da wata lamba da ake kira RRR, wadda za a fitar maka a ofishin hukumar ko a shagon masu kwamfuta. Lambar tana da alƙaluma 12. Raba su gida uku: huɗu, huɗu, huɗu. Kwafa huɗun farko, ka tsaya ka duba. Kwafa huɗu na biyu, ka tsaya ka duba. Haka na uku. In ka gama, ƙirga da yatsa. Ka samu 11? To, ɗaya ya faɗi, yawanci sifili ne, domin mutane suna ɗauka sifili ba komai ba ne. Sifili alƙalami ne, a rubuta shi. Kula kuma da 6 da 9, da 1 da 7, su ne suka fi rikita sabon hannu. Alƙalami ɗaya ya kauce, banki zai mayar da kai, ka rasa yinin aiki, takardunka ko motarka suna can a riƙe.

Mu maimaita. Alƙaluma nawa? 12. Gida nawa? Uku. A ina ake biya? A banki. Madalla, kuna ƙoƙari. Karɓi rasit, ka yi masa hoto a wayarka, ka kai shi ofishin da aka riƙe kayanka.

Duk da wannan bayani, sai a samu mai miƙa ɗari biyar ta taga yana cewa a yi haƙuri. Haba Malam! Yunƙurin ba jami'i cin hanci laifi ne mai zaman kansa, da tararsa daban, kuma ba ka da rasit ɗin nunawa gobe. Sake faɗa: alƙaluma 12, banki, rasit.

Darasi na 3: Maki

Biyan tara ba ya goge laifi. Kowane laifi yana da makin da ake rubutawa a kan lasisinka: ganganci 10, lodi 10, waya 4. Daga maki 10 zuwa 14 gargaɗi ne. Daga 15 zuwa 20 a dakatar da lasisi. Daga 21 zuwa sama a ƙwace shi. Direban haya da ya rasa lasisi ya rasa abin cefane, ba sai an yi dogon bayani ba.

Darasi na 4: KASSAROTA

Wannan hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ce ta jihar Katsina, ba ta tarayya ba ce kamar FRSC. Duba sunan da ke saman takardarka kafin ka nufi ofis.

Darasi na 5

Lambar kiran FRSC in an yi haɗari: 122.

Aikin gida: direba ya yi lodi, ya kuma yi ganganci, daga baya aka kama shi da waya. Haɗa makinsa, ka rubuta abin da zai faru da lasisinsa. Sannan kwafi wannan sau biyar: 3100 6917 0096.