Yadda za ka gane ko ƙaramar mota za ta rage maka kuɗin mai a Damagaram

Wanda ya daɗe yana fama da tsohuwar babbar mota a cikin Damagaram, idan ya fara tunanin sauya ta da ƙarama irin su Toyota Yaris ko Starlet ko Peugeot 206, wato masu guntun baya da ƙofar kaya da ake ɗagawa sama, kuɗin mai ne kan gaba a lissafinsa. Dillali zai ce masa motar ba ta shan mai, sunsuna shi kawai take yi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba a biyan kuɗi a kanta, domin yawancin motocin nan sun yi shekara goma sha biyar ko ashirin a hannun wasu kafin su iso gare mu, kuma abin da kamfani ya rubuta game da shan mansu ya auna shi ne a kan sabuwar mota, ba a cikin zafin watan Afrilu da yashin unguwanninmu ba.

Ka fara da auna motar da ke hannunka tun kafin ka sayar da ita. Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka rubuta lambar kilomita da ke kan allon mota, ka ci gaba da zirga-zirgarka ta kullum, sa'annan ka koma gidan man ka sake cikawa. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce motar ta sha. Ka raba ta da kilomitan da ka yi, ka ninka sau 100. Misali, idan lita 48 ta shiga bayan kilomita 400, motarka tana shan lita 12 a kowane kilomita 100. Idan ƙaramar da kake nema ta sha lita 8, kuma kana yin kilomita 1,000 a wata, ka tsira da lita 40. A farashin sefa 499 da gwamnati ta tsayar wa lita a shekarar 2024, bayan an daɗe ana sayarwa 540, wannan ya kusa jika ashirin a wata. Sai ka dubi cikon da za ka yi a kan kuɗin tsohuwar, ka ga wata nawa zai ɗauka kafin ya dawo. Wanda tafiyarsa ba ta wuce daga gida zuwa ofis da kasuwar Dole ba zai iya tarar da cewa ribar ba ta kai yadda ya zata ba.

Wajen zaɓen inji, Yaris ta farko, wadda ta fito a 1999, an fi samun ta da inji mai lita 1.0 ko 1.3. A ganina mai 1.3 ta fi dacewa da magidanci. Mai 1.0 tana da tsimi idan kai kaɗai ne a ciki, amma da zarar ka ɗauki mutum huɗu da buhun hatsi kuma ka kunna na'urar sanyi, sai ka ji kana taka totur har ƙasa kafin ta motsa, kuma a nan tsimin yake zubewa. Tsofaffin masu giya mai sarrafa kanta sun fi masu giyar hannu shan mai kaɗan, gyaransu ma ya fi tsada. Ka kuma lura da Vitz, wadda Yaris ce da aka yi domin kasuwar Japan: sitiyarinta na asali a dama yake, mu kuwa a hannun dama muke tuƙi, don haka wuce babbar mota a hanyar Mirya ko ta Takeita yakan zama da haɗari.

Gwajin mota kada ya tsaya a kan kwalta. Ka shiga da ita lungunan Birni da Zango, inda katangu suka matse hanya kuma amalanke ko ɗan kabu-kabu zai iya ɓullo maka daga kowace kusurwa. A nan ƙaramar mota take nuna amfaninta, domin tana juyawa a inda babba sai ta yi gaba da baya sau uku, kuma tana samun wurin tsayawa a ƙofar shago. A nan ne kuma aibinta yake bayyana. Cikinta yana kusa da ƙasa, tazarar ba ta cika wuce tsawon tafin hannu ba, ga shi garinmu gari ne na duwatsu. Ka sa mutum uku su zauna a baya, ka hau tudun rage gudu a hankali kana saurare; idan ka ji ƙasan ya goga, to ko dai abin da ke riƙe da nauyinta ya gaji, ko kuwa motar ba ta dace da hanyar gidanka ba. A cikin yashi, tun da tayoyin gaba ne ke ja, ka shiga da giya ta biyu ba tare da tsayawa ba, kada ka yi ta murza taya a wuri ɗaya. Da damina kuma, musamman a watan Agusta, kada ka kutsa ruwan da ba ka san zurfinsa ba, saboda inji idan ya zuƙi ruwa gyaransa zai cinye tsimin shekara guda.

Bayan saye, abin da ya rage yana hannun direba. Ka duba iskar taya da safe kafin ta yi zafi, kana bin adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba ko a murfin tanki, ba abin da mai faci ya ƙiyasta da bugun hannu ba. Lokacin hunturu ka riƙa buɗe matatar iska kana dubawa, domin ƙurar da take tarawa cikin mako biyu takan ba mutum mamaki. Ka yi juye a kan lokaci da baƙin man da ya dace da injin. Idan ka tarar da motar ta sha rana, ka sauke gilasai ka yi ƴar tafiya zafin ya fita kafin ka kunna sanyi, kuma ka daina barin inji yana aiki alhali kana jiran yara a ƙofar makaranta.

Sai batun inda ake sayen man. Ko da yake matatar mai ta SORAZ tana aiki a arewacin garin nan tun 2011, har yanzu da yawa daga cikinmu sun saba da sayen ruwa-ruwa, wato man bakin hanya, a kwalba, lita biyu yau, lita uku gobe. Injunan ƙananan motocin nan ba su jure datti da ruwa a cikin mai kamar na tsofaffin motoci ba, kuma famfon man yana cikin tanki ne, man da ke kewaye da shi ne yake sanyaya shi. Saboda haka kada ka bar allurar mai ta sauka ƙasa da kwata, kuma a watan farko ka maimaita awon nan na cika tanki sau biyu ko uku a gidan mai ɗaya, ka ajiye lambobin a cikin littafin mota domin ka nuna wa bakanike idan shan man ya fara hawa.