Yadda na sa tsohon majigi ya karɓi hoton kwamfutar hannu

A ɗakin da muke koyar da matan unguwarmu ta Birni lissafin kasuwanci, majiginmu tsoho ne, kafar VGA kaɗai gare shi, mai shuɗin nan da ramuka 15 a jere uku. Ita kuwa kwamfutar, kafar HDMI take da ita. Wayar da muka tarar cikin kwali kanta ɗaya HDMI, ɗaya VGA, amma da muka haɗa ta, bango fari fat.

Ga dalili. VGA, da IBM ya fito da ita a 1987, siginar analog take ɗauka, HDMI kuwa dijital ce. Waya zalla ba ta iya juya wannan zuwa wancan, sai ƙaramin akwati mai ƴar na'ura a ciki. Na samo shi a kasuwar Dole. A duba jikinsa da kyau, hanya ɗaya yake aiki: namu daga HDMI zuwa VGA, akasinsa kaya ne daban, ko da sun yi kama.

Da na haɗa, hoto ya riƙa ƙyaftawa. Akwatin na da ƙaramar kafar USB, na ba shi wuta ta nan, hoton ya tsaya cak. Sai na danna maɓallan Windows da P tare, na zaɓi Dupliquer, wato hoto ɗaya ya fito a kwamfuta da majigi, na sauke girman hoton zuwa 1024 da 768 don majigin ya iya ɗauka.

Murya ce ta rage, tunda VGA ba ta ɗaukar sauti. Na sa wayar lasifika a kafar milimita 3,5 ta jikin akwatin, Hajiya da ke zaune can baya ta ce yanzu tana ji.