Yadda Za Ka Hana Jirginka Marar Matuƙi Tserewa

Duk wanda ya taɓa tsayawa riƙe da rimot, yana kallon jirginsa na ɗaukar hoto yana ƙanƙancewa a sama, yana jan sanda baya amma jirgin ko a jikinsa, ya san irin faɗuwar gaban da ake yi. Masu harkar sukan ce jirgi ya gudu. A watan Janairun 2015 ma wani ƙirar DJI Phantom ya kuɓuce wa mai shi cikin dare a birnin Washington, ya je ya faɗa harabar Fadar White House. Sai dai idan aka buɗe bayanan tafiyar da jirgi ke ajiyewa, da wuya a tarar ya yi gaban kansa. Galibi ko dai an ba shi labarin ƙarya kan inda yake da inda ya fuskanta ya bi sau da ƙafa, ko kuma iska ta fi ƙarfinsa. Duka biyun kuwa tun a ƙasa ake tare su, kafin farfela ta fara juyawa.

Mataki na 1: Zaɓi inda za ka ajiye shi kafin ka kunna

Nan ne aka fi yin asara, don haka zan ɗan daɗe a kai. Jirgin yana dogara da GPS don sanin inda yake, yana dogara da kamfas don sanin inda hancinsa ya fuskanta. Kamfas kuwa ƙarfe na ruɗa shi. Rufin mota, murfin kwalbati, dakalin kankare mai rodi a ciki, kan bene, duk suna iya karkatar da shi. Idan ka kunna jirgi a irin wannan wuri, sai ya tashi da imanin cewa arewa yake kallo alhali gabas ya fuskanta.

Abin da zai biyo baya shi ne, iska ta ɗan ture shi, GPS ya gaya masa ya gusa daga wurinsa, ya yunƙura zai koma, sai ya nufi wani ɓangare daban. Ya ga tazarar ta ƙaru, ya ƙara wuta. Wani lokaci za ka ga yana zagaye, da'irar tana faɗaɗa, wani lokaci kuma ya miƙe a guje kamar an kira shi.

Gwajin bai kai daƙiƙa goma ba. Ajiye jirgin yana fuskantar wani abu da ka sani, kamar titi ko gini, sannan ka duba 'yar kibiyar da ke wakiltarsa a taswirar manhajar da kake tuƙa shi da ita. Idan kibiyar ba ta nuna inda hancin jirgin yake nunawa ba, kada ka tashi. Kashe shi, matsa zuwa fili mai ƙasa ko ciyawa, ka sake kunnawa. Kashewar na da muhimmanci, domin ɗauke shi a kunne ba lallai ya goge kuskuren farko ba.

Wani kuskure da ake yawan yi: manhaja ta yi gargaɗin kamfas, sai mutum ya hau saita shi a wurin. Ka koya masa karatun banza ke nan. Fara canja wuri. Idan gargaɗin bai tafi ba a fili mai tsabta, sannan ka saita, bayan ka cire agogo da makullai daga jikinka.

Mataki na 2: Jira taurari, ka tabbatar da gida

Kada zumuɗi ya sa ka tashi alhali manhaja na nuna taurarin ɗan'adam na GPS biyar ko shida kawai jirgin ya kama. Jira su haura goma, sha biyu ma ya fi, har manhaja ta sanar cewa ta rubuta wurin komawa. Sannan kada ka tsaya ga sanarwar kaɗai: faɗaɗa taswira ka ga alamar gida tana daidai inda kake tsaye. Jirgin da ya tashi kafin ya kama GPS yakan ɗauki wurin da ya fara kamawa a matsayin gida, ko da a saman ruwa ne. Ranar da sigina ta yanke, can zai nufa, kai kuma ka rantse ya gudu.

In kana cikin kwalekwale ko ka yi tattaki mai nisa daga inda ka tashe shi, sabunta wurin komawa a manhaja. Jirgin bai san ka tashi ba.

Mataki na 3: Gaya masa abin da zai yi idan ya daina jin ka

Yawancin jiragen nan suna ba ka zaɓi uku idan sigina ta yanke: ya koma gida, ya tsaya cak a sama, ko ya sauka. A buɗaɗɗen fili komawa gida ce ta dace. Amma a ƙarƙashin bishiyoyi ko gada, tsayawa ta fi, tun da komawa gida yakan fara ne da hawa sama.

Duba tsawon da ka sa masa na komawa, wanda ake rubutawa RTH Altitude. Ya zarce bishiya, turken lantarki ko gini mafi tsawo da ke tsakaninku, da 'yar rara. Kada kuma ka zuƙe shi sama ba dalili. Ƙasashe da yawa sun ƙayyade mita 120 a matsayin iyaka, kuma ko ba doka, can sama ne iska ta fi hauka.

Mataki na 4: Kada iskar ƙasa ta yaudare ka

Ƙananan jiragen da nauyinsu bai kai giram 250 ba sun fi shan wahala a nan. DJI Mini 4 Pro, alal misali, kamfanin ya ce yana jure iskar da ta kai mita 10.7 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 38 a awa. Kai da ke ƙasa, gine-gine da bishiyoyi sun kare ka, iskar ko hularka ba ta taɓa ba. Mita ɗari a sama labarin daban ne.

Don haka ka ɗaga shi zuwa tsawon da za ka yi aiki, ka saki sanduna, ka kalle shi. In ya karkace sosai yana kokawa don ya tsaya wuri ɗaya, ko manhaja ta fara gargaɗin iska, sauko da shi. Kuma kullum ka fara tafiya kana fuskantar iska, don ta turo maka shi a dawowa. Wanda ya bi iska a tafiya zai ji daɗi, jirgi na ta sheƙa gudu, batir bai wani ragu ba. Sai an juyo a ga kaso sittin ɗin da ya rage ba zai kai gida ba.

Idan ta riga ta kama shi, alamar tana kan allo: jirgi na cewa yana komawa gida, amma lambar nisa ba ta raguwa, ko ma ƙaruwa take. Soke komawar, domin a yawancin jirage ba ta amfani da cikakken gudunsa. Rage tsawo gwargwadon yadda wurin ya ba da dama, sa shi a Sport, wato yanayin da yake sakin cikakken gudunsa, ka tuƙo shi da hannunka. Ka tuna a Sport na'urorin kauce wa karo ba sa aiki. In ka ga duk da haka ba zai iso ba, juya kyamara ƙasa, nemi fili, ka sauke shi da sauran batir. Gara ka taka ka ɗauko shi da ka bar shi ya zaɓi wurin da kansa.

Mataki na 5: Sigina da ƙananan abubuwa

Rimot da jirgi suna magana ne a zangon 2.4 da 5.8 GHz, inda Wi-Fi ma yake, shi ya sa nisan da ake samu a cikin gari bai kai na jikin kwali ba. Idan rimot ɗinka mai eriya biyu ne a tsaye, faffaɗan gefensu za ka fuskantar da jirgin, ba tsininsu ba. Kada ka bari gini ko tudu ya shiga tsakaninku.

Batir ya shiga har ka ji ƙas. Wanda ya kumbura a ajiye shi. A yanayin sanyi sosai, bari ya ɗumama kafin ka matsa masa. Bayan sabunta manhajar jirgi, yi gwaji a kusa, ka sake duba saitunanka, don wani lokaci sukan canja.

Mataki na 6: Koyi tuƙi ba GPS

Idan GPS ya ɓace, ko jirgi ya daina yarda da kamfas ɗinsa, yakan faɗa yanayin da ake kira ATTI. A nan zai riƙe tsawonsa, amma ba zai riƙe wurinsa ba, ba kuma birki. Ka saki sanda, iska ta tafi da shi. Idanun da ke ƙarƙashinsa, wato na'urorin da ke kallon ƙasa, kan taimaka idan yana kusa da ƙasa, amma a duhu ko a saman ruwa su ma ba sa gani. Da yawa daga jiragen da aka ce sun gudu, lafiyarsu ƙalau, suna jin rimot, mai tuƙin ne bai taɓa tuƙi ba tare da GPS ya riƙe masa ba.

Ka saba da juyo shi ta hanyar kallon taswira da hoton kyamara. Ka kuma saba da cewa idan hancinsa na kallonka, hagunka damansa ce. Kuma muddin idonka na ganinsa, gyara na da sauƙi.

Idan ya riga ya ɓace

Kada ka kashe rimot, kada ka rufe manhaja. Ɗauki hoton allon da ke nuna wurinsa na ƙarshe, ka lura da inda iska ta nufa da batirin da ya rage masa. Nufi wajen da rimot a kunne, ka hau tudu in akwai, sigina kan dawo idan ka matso. A manhajar DJI Fly akwai sashen Find My Drone da ke nuna inda aka gan shi a ƙarshe, kuma in kun sake haɗuwa yana da sauran caji, za ka iya sa shi ya yi ƙara yana walƙiya da fitilu. In ba ka same shi a nan ba, faɗaɗa nema zuwa inda iska ta kaɗa. Ajiye bayanan tafiyar da ke cikin wayarka, su kamfani zai nema idan kana da inshorar ɓacewa. Tun yau kuma, rubuta lambar wayarka a 'yar takarda ka manna a jikin jirgin, ka kuma ajiye lambar a matsayin fayil a cikin katin ajiyar hotuna.