Darasi na Tara: Sayen Sabuwar Matatar Kwamin Ninƙaya

A ajinmu na yamma akwai masu aiki a manyan gidaje da otal-otal na cikin Katsina. Wani maigadi ne, wani mai ban ruwan fulawa ne, amma in gidan yana da kwamin ninƙaya, kula da shi a wuyansu yake faɗawa. Domin su aka shirya wannan darasi, ko da yake lissafin da ke cikinsa zai amfani duk mai tankin ruwa a gida.

Ruwan kwami ba zubar da shi ake yi kullum ba. Famfo ne yake jawo shi, ya tura shi cikin matata, wadda masu aikin suke kira filta, sannan ya dawo a tace. A ƙasarmu matata tana shan wuya. Da hunturu ƙura take sauka dare da rana, ga ganyen darbejiya da iska ke kwasowa. Da bazara kuma yara ba sa fita daga ruwa. Saboda haka matatar da za ta daɗe a wani wuri, a nan tana iya gajiya da wuri.

Wani ɗalibinmu ya ba mu labari. Ruwan gidan da yake aiki ya yi duhu, maigidan ya ba shi kuɗi ya ce ya je Kano ya sayo sabuwa. Ya isa shago, mai shago ya tambaye shi: "Malam, wace lamba?" Ya ce, "Alhaji, in na gan ta zan gane ta." Ya zaɓi wadda ta yi kama da tasa, ya hau mota ya dawo. Da ya saka ta, sai ya tarar ta gaza da inci guda. Ruwa ya riƙa bi ta gefe yana wucewa da dattinsa. Kuɗin mota ya tafi, kuɗin matata ya tafi, ga kunyar maigida. Abin ya yi mini ciwo, domin biro da 'yar takarda sun isa su hana wannan asara.

Da farko ka san wace iri ce a gidanku. Akwai ta yashi: babban tulu ne na roba mai kauri, da hannu a samansa ko a gefensa. Akwai mai ninki, wadda ake kira katirij: fara ce, zagayayya, ta yi kama da filtar iska ta mota. Akwai ta uku mai aiki da wani farin gari, ta fi duka tacewa, amma ɗawainiyarta da yawa, ba za mu tsaya a kanta ba.

Ana auna ƙanƙantar datti da maikiron. Kaurin silin gashin kai ya kai kamar maikiron 70. Matatar yashi tana kama datti mai maikiron 20 zuwa 40, mai ninki kuwa tana kama na 10 zuwa 20. Ka lura, a nan ƙaramar lamba ita ce ta fi kyau.

In taka mai ninki ce, kashe famfo tukuna. Sannan ka buɗe ɗan makunnin iska da ke sama, ka jira allurar geji, wato ɗan agogon da ke nuna ƙarfin matsin da ke cikin matata, ta sauka kan sifili. Kada ka taɓa murfin kafin nan, domin iskar da ta taru a ciki tana iya cilla shi a fuskarka. Ciro tsohuwar, ka goge robar da ke kanta da ta gindinta. A nan ake buga lambarta, haruffa haɗe da alƙaluma. Kwafe su ɗaya bayan ɗaya, kada ka sauya musu wuri. In lambar ta goge, ɗauko tef ka auna abu uku: tsawonta, faɗinta daga gefe zuwa gefe, da faɗin ramin tsakiya. Duba kuma ko samanta a buɗe yake ko a rufe. Rubuta ko da inci ka auna ko da santimita. Inci ɗaya ya ɗan haura santimita biyu da rabi, kuma nan ne mutane suka fi rikicewa. In da hali, sa tsohuwar a buhu ka tafi da ita shago.

Ba duk wadda ta yi datti ce ta mutu ba. Wanke ta da tiyo, ninki bayan ninki. Amma in ta yage, ko robar kanta ta tsage, ko ninkin ya kwanta ya manne, ko ka wanke ta yau jibi geji ya sake hawa, to ta gama aiki.

In ta yashi ce, sau da yawa yashin ake canzawa, ba tulun ba, bayan shekara uku zuwa biyar. Kada ka ɗebo yashin gulbi ko na magina, ko da maigida ya ce a rage kashe kuɗi. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan zai toshe ta, ko ya zubo cikin kwami." Akwai yashin da aka tankaɗe musamman domin wannan aiki, a buhu ake sayar da shi. A jikin tulun an rubuta kilo nawa yake ci. Zuba ruwa a ciki kafin ka zuba yashi, don kada nauyinsa ya karya siraran bututun da ke ƙasa.

Ni dai, in za a canza matatar gaba ɗaya, ina so a yi tunanin ruwa. Wankin ta yashi yana zubar da ruwa mai yawa, domin juya shi baya ake yi ya fita waje. Gidan da ke da rijiyar burtsatse mai ƙarfi ba zai ji ba. Gidan da ke sayen ruwa a tanka zai ji a aljihu, gara masa mai ninki.

Saura girma. Auna tsawon kwami da faɗinsa da zurfinsa da mita, ka ninka su. Misali, tsawo 8, faɗi 4, zurfi 1.5, ya ba da 48. Kowane ɗaya lita 1,000 ne, wato lita 48,000. Jarka 1,920 ke nan irin ta 'yan garuwa mai lita 25. Ana so ruwan duka ya bi ta matata cikin kamar awa 8. Raba 48,000 gida 8, ka sami 6,000. To ka nemi wadda aka rubuta tana tace lita 6,000 a awa ko fiye. Kuma kada ƙarfin famfo ya fi nata. Matata ta yi girma ba laifi, ta yi ƙanƙanta shi ne matsala.

Ranar da ka saka sabuwa, duba inda allurar geji ta tsaya, ka rubuta lambar da kwanan wata a bangon ɗakin famfo. A gejin da aka rubuta psi, in allura ta ƙaru da 8 zuwa 10 a kan wannan lamba, lokacin wanki ya yi.

Aikin gida: kwami mai tsawon mita 6, faɗi 3, zurfi 1, lita nawa yake ci? Lita nawa ya kamata matatarsa ta tace a awa? Wanda gidansu ke da matata ya kwafo mana lambar da ke jikinta, wanda ba shi da ita ya auno tsawo da faɗin filtar janareta ko ta babur, mu karanta tare ranar Asabar.