Yadda na farfaɗo da wasannin Flash na yaranmu

Alhamdu lillahi, an huta. A ajinmu na yara masu buƙata ta musamman nan Jos muna da tsofaffin wasannin koyon baƙaƙe da ƙirga, duk fayilolin SWF ne, wato irin fayilolin da manhajar Flash ta kamfanin Adobe ke kunnawa. Adobe ta daina kula da Flash a ƙarshen 2020, ta kuma toshe shi daga 12 ga Janairu 2021, don haka babu burauzar da ke buɗe su. Sauya burauza bai tsinana komai ba, tsohon Flash Player ma ya ƙi.

Ruffle, wata manhaja mai kunna fayilolin Flash, ne ya fisshe mu, kyauta ne. Na sauke na Windows, na buɗe shi, na zaɓi fayil, wasa ya tashi har da sauti.

Sai matsalar linzami. Akwai yarinyar da hannunta ke karkarwa, da ta ja harafi sai ya kuɓuce mata kafin ya kai gurbinsa. Na danna Alt na hagu da Shift na hagu da Num Lock tare, Mouse Keys ya kunnu, wato tsarin Windows da ke sa a motsa kibiyar linzami da maɓallan lambobi na gefen dama na kibod. Yanzu 8 sama, 2 ƙasa, 4 hagu, 6 dama, 5 dannawa. In za a ja abu, 0 ke riƙewa, ɗigo ke sakewa. A Ease of Access, sashen saitunan Windows na masu buƙata ta musamman, na rage gudun kibiyar sosai, na ƙara mata girma, sannan na manna wa maɓallan takardu masu launi saboda ƙananan da ba su san lambobi ba tukuna. Na gode wa malamar da ta kawo wannan dabarar.

Makafinmu dai NVDA, manhajar da ke karanta abin da ke kan allo da murya, ba ya karanta musu komai a cikin wasan, dole malami ya zauna kusa yana faɗa musu.