Kurakuran da ake yi wajen soya jatan landen tsibirin Simi

Simi ƙaramin tsibiri ne na ƙasar Girka, mai nisan kimanin kilomita 40 daga tsibirin Rodos, dab da gaɓar Turkiyya. A da an san mutanensa da ƙera jiragen ruwa da nutso don ciro soson teku, amma baƙon da ya sauka a tashar Yalos a yau, abin da za a fara yi masa tayi shi ne wani ɗan jatan lande ja, wanda bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, da masunta ke kamawa da tarko a cikin duwatsun ƙasan teku.

Babban kuskuren da baƙi suke yi shi ne ɓare shi. Hannu ya saba da manyan jatan lande, sai mutum ya zauna yana fama da cire kai da ɓawo har abincin ya huce, alhali ɓawon nan siriri ne ƙwarai, kuma idan ya soyu shi ne ke ba da ƙarar da ake ji a haƙori, zaƙin kuwa akasarinsa a kai yake. Gyaran shi ne a ɗauke shi ɗungurungum a jefa a baki, kamar yadda mutanen tsibirin suka gada.

A wajen suya kuma, yawancin ɓarnar daga ruwa take fitowa. Wanda ya wanke shi ya zuba a kasko bai tsane ba, dafa shi ya yi, domin man zai huce, ɓawon ya yi laushi ya riƙa maƙalewa a maƙogwaro. Ya kamata a shanya shi a kan tsumma mai tsabta har ya bushe, a bari man zaitun ya yi zafi sosai, sannan a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ba tare da an cika kaskon ba. Minti biyu zuwa uku sun isa. Da zarar an zarce, naman da dama bai taka kara ya karya ba sai ya ƙanƙance ya bar ɓawo zalla.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yawan kayan yaji. Wanda ya saba da busasshen jatan landen da ake dakawa a zuba a miya yakan ɗauka wannan ma sai an taimaka masa da barkono da dunƙule, sai ya binne ɗanɗanon gaba ɗaya. Gishiri kaɗan ya wadatar, sai tafarnuwa ga mai so, lemon tsami kuwa a matsa shi bayan an kai faranti gaban mai ci, tun abincin yana tururi.