Darasi na 9: Idan Shaidunka Suna Nesa da Kotu

Shari'ar neman haƙƙi ita ce wadda mutum ke ƙarar wani kan bashi, ko diyyar haɗarin mota, ko ciniki da aka saɓa alkawarinsa. Mai ƙara shi ke zaɓar kotu, muddin kotun tana da hurumi. Sai dai wani lokaci duk waɗanda aka yi abin a gabansu suna wani gari mai nisa. Wani tsufa ya kama shi, wani ba shi da lafiya, wani kuma in ya bar sana'arsa yini guda, ranar ba a ɗora tukunya a gidansa.

Don haka dokokin ƙasashe da dama suka yarda a roƙi a mayar da shari'a wata kotu. A Amurka, wata dokar tarayya ta 1948 ta ba alƙali wannan iko, domin sauƙaƙa wa masu shari'a da shaidu, idan adalci ya buƙaci haka. A can ma, galibi sammaci ba ya tilasta wa shaida yin tafiyar da ta wuce mil 100.

Roƙon a rubuce ake yin sa, tare da takardar rantsuwa. A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa, sai ka natsu. Cewa "wurin ya yi nisa" kawai ba ya gamsar da alƙali. Kawo sunan kowane shaida, da inda yake zaune, da abin da zai faɗa, da dalilin da zuwa zai yi masa wuya. In ciwo ne, haɗa da takardar likita. Shaida ɗaya da ya gani da idonsa ya fi goma masu cewa "an ce". Alƙali ya fi tausaya wa shaidar da ba ruwansa da rigimar, domin taimakon gaskiya kawai ya zo yi, kuma a ganina hakan daidai ne. Nisan ofishin lauyanka kuwa ba hujja ba ce mai ƙarfi.

Abokin shari'arka zai mayar da martani, shi ma yana da nasa shaidun. Idan sauke wahala za a yi daga kanka a ɗora masa, alƙali zai ƙi. Kada kuma ka bari sai shari'a ta yi nisa kafin ka roƙa, domin za a ɗauka ɓata lokaci kake so.

Aikin yi: ɗauki takarda ka ja layi huɗu. Rubuta sunan shaida na misali, garinsu, abin da ya gani, da abin da zai hana shi zuwa. Karanta wa na kusa da kai, ka tambaye shi ko ya gamsu.